Kawu Isuhu da Mai Durƙuso

Wani dattijo ne a tsaye a bakin ƙofar fitowa ta filin jirgin JFK, da 'yar baƙar rediyo kafe a kunnensa, yana leƙen fuskar duk macen da ta fito da hijabi. Shi na fara gani a New York. Na jawo akwatina na tsaya a gabansa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ya dube ni, ya wuce da idonsa kan wata. Sai da na ce, "Kawu," sannan ya juyo inda muryar ta fito ya ce, "Mairo? Ikon Allah. Muryar uwarki sak."

Har yau ƙawayena ba su daina tambayata yadda Amurka take ba. A gidan biki ko gidan suna, da an zauna sai wata ta ce in ba su labarin dusar ƙanƙara da dogayen benaye. Ƙanƙara dai ban gani ba, don a watan Satumba na je. Benaye kuwa na kalla har wuyana ya ƙage. Amma abin da ya kai ni daban ne, kuma shi zan rubuta a nan sau ɗaya, kowa ta karanta, in huta.

Kawu Isuhu yayan Ummata ne. Ya bar Kano tun ban zo duniya ba, ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa tasi a New York. Wata ranar Juma'a ya kira Umma ya ce mata ciwon suga ya ci idonsa, ya ajiye mota, kuma likita ya ce ɗan ganin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Yana so ya dawo gida tun yana iya gane ƙofar gidansu, a turo wanda zai riƙo hannunsa a hanya. Ya kafa sharaɗi ɗaya: kada 'yarsa ta ji sai ya sauka Kano.

'Yar tasa ita ce Fati, ita kaɗai Allah Ya ba shi, kuma a can aka haife ta. Tun rasuwar mahaifiyarta, Anti Hadiza, shekara biyu ke nan, ta bar gidan, magana ba ta shiga tsakaninsu. Ni aka zaɓa don ina jin Turanci, kuma makarantar da nake koyarwa ta yarda ta ba ni hutu. Ranar da zan tafi Umma ta riƙe mayafina ta ce, "Ki taho da shi. Amma in kin ga hanya, kada ki bari ya baro yarinyar nan haka. In ya hau jirgi ba su shirya ba, sun rabu ke nan har lahira."

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda muke karɓowa haya a bakin kasuwa mu ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu kowace rabuwa tana da babin shiryawa. Ana haɗa mutum biyu a wuri ɗaya, hadari ya haɗo, a rungume juna ana kuka. Da wannan na hau hanya, ina ganin aikin ba zai yi wuya ba.

Neman biza ya kai ni Abuja. Na haddace shafi guda na bayani, amma matar da ke bayan gilashi tambaya biyu ta yi mini. Ta biyun ita ce me zan je yi. Duk haddar ta gudu, na ce zan ɗauko kawuna ne, idonsa ya mutu. Ta dube ni jim, ta karɓi fasfona.

Daga Kano muka tashi, muka canza jirgi a Alƙahira. A littattafaina, wadda ta hau jirgi karon farko kusa da wani kyakkyawan saurayi mai ƙamshin turare take zama. Ni wata tsohuwa 'yar Maraɗi na samu, za ta je jegon 'yarta. Jirgin yana bin rana, ranar ta ƙi faɗuwa. Muka yi La'asar a zaune. Bayan awa uku ta ɗaga murfin taga ta ga rana na nan daram, ta taɓo ni ta ce, "Ke 'yar nan, tashi mu sake. Waccan da muka yi ta ƙasar wasu ce." Muka sake.

A wurin bincike wani ma'aikaci ya tambaye ni ko na zo da nama. Na faɗi gaskiya. Ya sa safar hannu ya ɗauke ƙunshin kilishin da Umma ta sa aka yi wa Kawu musamman, ya ce doka ce. Daddawa kuwa ya buɗe ya sunsuna, ya yi sauri ya rufe ya miƙo mini. Da na ba Kawu labari a mota sai ya ce, "Shekara talatin ke nan uwarki tana aiko mini da kilishi, ban taɓa cin ko yanki ɗaya ba. Ba ta dai daddara."

Wanda ya tuƙo mu shi ne Malam Amadu, amininsa, mutumin Damagaram mai kanti a unguwar Tremont. Gidan Kawu yana unguwar Mount Hope, a hawa na biyar na wani tsohon bene, kusa da babban titin Grand Concourse. Na yi zaton zan ga Turawa ko'ina, sai ga shi a matakala ma da Hausa aka gaishe ni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutane suna tafe suna cin abinci, shayi a kofin takarda, burodi a hannu, babu mai zama balle ya ce wa na kusa bismillah. Abincina na farko a can shinkafa da wake ne irin na mutanen Kumasi, da baƙin yaji da har yau nake tunawa. A ɗakin Fati na sauka. Komai nata yana nan yadda ta bar shi, kuma babu ƙura ko kaɗan. A cikin gida Kawu ba ya tuntuɓe, ya san taku nawa ne daga gado zuwa famfo. Da mun fita waje kuwa sai ya ɗora hannu a kafaɗata, ya ce in yi tafiya kamar hira muke.

Kullum bayan La'asar sai na raka shi kantin Malam Amadu. A bayan buhunan shinkafa akwai talabijin da kujeru huɗu, a nan dattawa suke kallon wasan da ake kira besbol. Kawu ya yi mini bayaninsa dalla-dalla. Mutum ɗaya yana jifa da ƙaramin ƙwallo mai tauri kamar goriba, wani yana tsaye da gora yana ƙoƙarin dukansa. In ya doka ya tsallake katanga ya faɗa cikin 'yan kallo, wannan shi ne babban abu. A bayan mai dukan kuma akwai wani a durƙushe, fuskarsa a cikin keji, shi ke cafe duk abin da aka jefo. Wasan ba shi da agogo, sai an gama ake tashi. Kawu ya koye shi ne a rediyo, a filin da direbobi ke jiran fasinja a JFK, wani lokaci awa uku a layi. Ya ce Turancinsa ma rabinsa daga nan ya same shi. Fati tana ƙarama yakan saɓa ta a wuya su je filin wasa, shi ya koya mata.

Lokacin da na je kakar wasa ta zo ƙarshe, kuma gardama ɗaya ce a bakin kowa: wa za a ba kyautar gwarzon shekara. 'Yan jarida ne suke jefa ƙuri'a. Mutum biyu ake magana a kansu, dattawan kanti sun raɗa musu suna. Akwai Dogo, ɗan wata ƙungiya ta wani gari, wanda ya fi kowa aika ƙwallo bayan katanga. Akwai kuma Mai Durƙuso, mai cafewa na ƙungiyar da su Kawu suke so, wanda shekaru sun fara kama shi.

"Alhaji, ka bar zancen nan," in ji Malam Amadu. "Dogo ya ɗauka, an gama. Mutum yana tura ƙwallo har bayan gari, kai kana kawo mana mai tsugunno kamar mai ciwon ciki?"

"Wa ke gaya wa mai jifa abin da zai jefa?" in ji Kawu. "Wa ƙwallo ke duka a gwiwa, a yatsa, a maƙogwaro, gobe ya dawo ya sake durƙusawa? Dogo in ya gama dukansa inuwa yake komawa."

Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, Baba Seidu, mai kiran kowa "Masa", ya ce, "Masa, ai su masu ƙuri'a lambar duka suke dubawa. Gwiwa tana da lamba?"

"To shi ne zaluncin. Wanda bai taɓa durƙusawa ba shi zai yanke wa mai durƙuso hukunci. Rabinsu ma ba su taɓa kallonsa mako guda a jere ba."

"Ka rubuta musu takarda mana," in ji Malam Amadu. "Ka sa hannu, tsohon direba."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Na lura duk hirar nan bai dubi talabijin ba, rediyonsa ce a kunne, su kuma abokan sun bar shi a haka, babu mai tanka masa.

A mako na biyu na samo lambar Fati. Tana aikin jinya a wani asibiti a yankin Queens, muka haɗu a wani ɗan shagon shayi kusa da wurin. Doguwa ce, idon Kawu ne da ita. Na ce, "Taubashiya, haka ake yi? Na zo garinku sai na nemo ki? Baiwata ce fa ke." Ta yi murmushi, ta san wasan. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, ni zan mayar da maganarta Hausa.

Ta ce shekara uku ta yi tana jinyar mahaifiyarta. Ta ajiye karatu, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke kwana a kujerar asibiti. Ranar da ta rasu, dattawan masallaci suka taru suka tsara komai, ita ce ta ƙarshen jin lokacin jana'iza. Ranar addu'ar bakwai Kawu ya miƙe ya yi godiya. Ya ambaci liman, ya ambaci 'yan ƙungiyar direbobi, ya ambaci maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Bai ambace ta ba.

Na ce, "Fati, ke 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. Kunya ce. Ummata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayana ba."

"An gaya mini," ta ce. "Kowa ya gaya mini. Tun ina yarinya 'yarinyar nan' nake. Na haƙura da wannan. Amma Yaya Mairo, har matar da ta kawo kular shinkafa ya kira sunanta."

Maganar idon ta zo mini har leɓe, na tuna alkawarin da na yi wa Kawu, na haɗiye. Na ce mata ina so in ga wasan nan da idona kafin in koma, kuma Kawu zai zo. Ta ajiye kofinta. Sannan ta ce, "Zan sayi tikiti. Ke za ki zauna a tsakiya."

Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Ita ta ce in zo?" Na ce ita ta sayi tikitin. Ya ce in goge masa farar rigarsa. Wasan ranar Lahadi ne da rana. Jirginmu kuma ranar Alhamis.

Ban taɓa ganin taron mutane irin na ranar ba, ko a filin idi. Maza da mata, tsofaffi da jarirai, kowa da hula iri ɗaya. A Kano gidan kallon ƙwallo na maza ne, ko ta ƙofarsa mace ba ta son wucewa. A nan wata tsohuwa da ta kai sa'ar kakata ce ta fi kowa ihu. Kujerunmu suna can nesa, dab da katangar baya, layi na uku. Na kai Kawu ya zauna tun da wuri don kada Fati ta ga yadda nake jan sa. Da ta iso ta ce, "Ina wuni, Baba," idonta a kan fili. Ya ce, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Shi ke nan. Sama tas, babu ko alamar hadari.

An ce in ƙungiyar su Kawu ta faɗi ranar, da wuya ta kai zagaye na gaba, don haka kowa a tsorace yake. Abokan hamayya suka fara shiga gaba. Ni ban gane yawancin abin da ake yi ba, ina dai bin fuskokin mutane. Can wajen ƙarshe kowa ya miƙe tsaye ana waƙa, na ɗauki jakata na zaci an tashi, Fati ta jawo ni ta ce miƙa kawai ake yi, al'ada ce.

A bayanmu wasu maza biyu suna ta gardamar kyautar nan. Ɗaya ya ce masu ƙuri'a sun gama yanke shawara tun watan jiya, ko Mai Durƙuso zai yi tsuntsu ya tashi ba za su ba shi ba. Ɗayan ya ce haka ya kamata, kyauta ta wanda ya fi kowa ce, ba ta wanda ya fi shan wahala ba. Kawu ya waiwaya ya ba shi amsa da Turanci, suka yi ta yi har mutumin ya dafa kafaɗarsa yana dariya. Sannan ya juyo gare ni da Hausa, da ƙarfi, na san ba don ni ba.

"Kin gani, Mairo? Haka duniya take. Wanda ya yi abu ɗaya mai ƙara shi ake gani. Wanda yake durƙushe kullum, safe da yamma, yana tare abin da zai cuci kowa, an saba da shi, ba a ma san yana wurin ba. Ranar rabon yabo sai a tsallake shi. Wallahi ba adalci ba ne."

Fati ba ta juyo ba. Da Hausa ta yi magana, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ka sani, Baba. Ashe ka san ba adalci ba ne."

Na ji kamar in nutse a kujera. Kawu ya mayar da rediyo kunnensa. Muka zauna haka mu uku, mutane suna ta ihu kewaye da mu.

Sai layin duka ya zo kan Mai Durƙuso, don mai cafewa ma yana duka, ya ɗauki gora. Jifa na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Na uku sai na ji ƙara kamar an fasa icce, filin gaba ɗaya ya miƙe. Na ga ɗan farin abu a sama yana girma, kanmu ya nufo. Mutane suna miƙa hannu, wasu suna sunkuyawa, Fati ta yi tsalle ba ta kai ba. Ƙwallon ya wuce ta gefen kunnen Kawu, bai fi tafin hannu ba tsakani, ya daki kujerar baya, ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Kawu yana zaune bai ko motsa ba. Ita rediyo tana ɗan makara, sai abu ya faru take faɗa. Sai da aka yi numfashi uku sannan ya zabura ya miƙe shi kaɗai yana cewa, "Ya tafi! Ya tafi! Allahu Akbar!"

Ni kuwa na sunkuya na ɗauki ƙwallon. Hannaye sun yi mini caa. Abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne tsintuwa ba taka ba ce, kuma ga masu abu can a fili suna jira, wasansu ya tsaya. Na taka zuwa bakin katanga na jefa musu kayansu.

Ihun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Waɗanda suke murna yanzun nan suka juyo kaina suna nuna ni da yatsa. Tsohuwar nan ta ɗora hannu a ka. Daga baya Fati ta yi mini bayani: a can duk wanda ƙwallo ya zo hannunsa nasa ne, mutum yakan shekara hamsin yana zuwa bai samu ba. Ƙwallon abokin hamayya kaɗai ake mayarwa, don a nuna masa raini. Ni kuwa na mayar da na gwarzonsu, a ranar da suka fi bukatarsa. Wani mai gadi ya taho yana magana da sauri, mutumin da ya yi gardama da Kawu ya tare shi yana cewa baƙuwa ce, a yi haƙuri.

A cikin wannan hayaniya Kawu ya laluɓo hannuna, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Mairo, me ake wa ihu? Ta wane ɓangare ya faɗa?"

Fati ta ji. Na ga ta bar maganar mai gadi ta juyo. Ta dubi kujerar da ƙwallon ya daka, ta dubi kunnen mahaifinta. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta bukatar a gaya mata. Ta ɗaga hannunta a gefen fuskarsa ta motsa yatsu. Bai ƙifta ba.

"Baba. Tun yaushe?"

Ya koma ya zauna. Ya kashe rediyon.

"Tun azumi ya tsananta."

Ta juyo gare ni. "Ke kin sani. Shi ya kawo ki." Ban iya ƙarya ba, na ce mata ranar Alhamis za mu tashi, kuma ba da niyyar dawowa ba.

"Wannan ma ni ce ta ƙarshen ji," ta ce.

A littattafaina a nan ake rungume juna. Babu wanda ya taɓa wani. Aka ci gaba da wasa, dukan Mai Durƙuso bai isa ba, ƙungiyarsu ta faɗi da tazara kaɗan. Mutane suka fara fita jiki a sanyaye. Na ji na bayanmu suna tafe, ɗaya yana cewa ko an faɗi dukan yau ya isa a ba Mai Durƙuso kyautar, ɗayan yana cewa wa zai tuna dukan ranar da aka faɗi. Mu muka zauna har layinmu ya zama babu kowa, masu shara suka fara tahowa.

Kawu ne ya fara magana, fuskarsa tana kallon filin da ba ya gani.

"Shekara uku kina ɗaga uwarki kina kwantarwa. Ina gani. Ina dawowa daga aiki in tarar da ke kin yi barci a zaune da cokali a hannu, in koma mota in yi kuka. Ranar addu'a na so in faɗa, harshena ya ƙi. Ubana bai taɓa faɗin sunan yayana ba har ya mutu, haka na tashi na gani. Da ciwon nan ya zo na ce yarinyar nan ta yi na uwa, ba za ta yi na uba ba. Kin fara aikinki, kin fara rayuwarki. Gara in tafi ki ji haushina da in zauna in cinye miki wasu shekarun."

"Ba kai za ka zaɓa mini ba," ta ce. "Kullum sai a taru a zaɓa mini."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarki."

Ta share fuskarta da bayan hannu ta miƙe. Na matso don ya dafa kafaɗata kamar kullum, ta ce mini ba haka ake yi ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a gwiwar hannunta, ta shiga gaba da rabin taku, tana faɗa masa, "Matakala. Sauka. Sauka. Fili." Ni na biyo su a baya da rediyo da jakunkuna.

Washegari ta kai shi wurin wani likitan ido. Ranar Alhamis ni kaɗai Malam Amadu ya kai JFK. A hanya yana ta tsokanata, wai duk Tremont an ji labarin Bakanuwar da ta mayar da ƙwallo, Baba Seidu ya ce a ba ni kyautar riƙon amana. Da na iso Kano ba tare da Kawu ba, Umma ta dube ni ta dubi bayana. Na ba ta labari. Ta ce, "Alhamdulillahi," sannan ta shiga ɗaki ta daɗe, don ita ma ta sa rai da ganin ɗan'uwanta.

Bayan wata biyu Kawu ya kira ni. "Sun ba Dogo," ya ce. Na ce Allah Ya ba da haƙuri. Ya ce, "Yarinyar nan ma ta ce Dogo ya cancanta, wai ta duba lamba. Tun safe muke gardama." Na ji muryarta daga nesa tana cewa ya zo ya sha magani.

Idon bai dawo ba, kafin shekara ya rufe gaba ɗaya. Fati ta koma Mount Hope, ta nemi canjin aiki zuwa kusa da gida. Shekara huɗu bayan tafiyata aka ɗaura mata aure da wani ɗan Zariya da suke aiki tare, a masallacin Tremont. Malam Amadu ne ya ba mu labarin abin da ya faru. Bayan an shafa fatiha Kawu ya ce a tashe shi tsaye. A gaban dattawan da suka halarci addu'ar matarsa ya ce, "Fatima. Sunanta Fatima." Ya shiga lissafa abin da ta yi wa uwarta da abin da take yi masa, har yankan farce da ɗiga magani. Mutane suka sunkuyar da kai. Malam Amadu ya ja gefen rigarsa ya ce, "Alhaji, 'yar fari ce fa." Ya ce, "Na sani, Amadu. Sake ni, ban gama ba." An ce ita tana ɓangaren mata, ta lasifika ta ji.

Da sanyin shekarar ya rasu, a ɗakinsa, bayan sallar Azahar. Bai ƙara ganin Kano ba. Fati ce ta kira Umma, ita ta faɗa wa liman lokacin da za a yi jana'iza, kuma aka jira ta. An binne shi a maƙabartar da aka binne Anti Hadiza, kabari biyu ne tsakaninsu. Allah Ya jiƙansu da rahama.